Waƙa ta Biyar a Memorin Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Mu ma lafiya lau, sai godiyar Allah.

Dalilin rubuto maka shi ne, ka san tun da Oga ya rasu ɗansa ke riƙe da ƙungiyarmu. Ranar Litinin ya tara mu a ɗakin gwaji, ya ce otal ɗin da muke yi wa kiɗa duk Asabar sun gaji da tsofaffin waƙoƙinmu. Baƙinsu gambara suke so, wadda yara ke kira hip-hop. Ya kawo wani siririn mawaƙi ana ce masa Tsinke. Mai ganga da mai fiyano sun ce za su iya. Ni kuwa ya dube ni ya ce, "Baba, kwamfuta ma tana yin bes yanzu. Amma albarkacin marigayi na ba ka zuwa ƙarshen wata. Ka zaɓi guda ɗaya ka kaɗa mana mu ji."

Shekara talatin da huɗu ina riƙe da jitar bes, mai kaurin sautin nan, a ƙungiyar nan, ban san wata sana'a ba. Kai ne mai tura wa mutane waƙoƙi a waya. Ka zaɓo min waɗanda ya kamata mai bes ya saurara, ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda. Kada ka kira ni a kan maganar, Antinka ba ta sani ba tukuna.

Ka gaida yara. Ka huta lafiya.

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya Babba, sarkin masu tsirkiya huɗu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa ta ƙani ga yayansa, har ƙasa, ko da yake ka san gwiwata ba ta da kirki. Kasuwa ga ta nan, ana shan rana ana yi wa mutane murmushi.

Ashe rumfata za ta yi rana. Shekara nawa kana cewa hayaniya nake sayarwa? To ga hayaniyar nan a memori, na naɗe ta a takarda a ƙasan ambulan. Ka buɗe a hankali, ba ta kai farcenka ba. Da wani ne, dubu zan loda masa ya tafi yana sa min albarka. Kai bakwai na sa maka, don ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi. Ban iya kiɗa ba, amma tun safe har yamma lasifikata tana bakin hanya, na san abin da ke sa ɗan dako ya rage sauri da buhu a kansa.

Ban sa sunaye ba, lamba na sa, kada ka wahalar da harshenka. Ta ɗaya tsohuwa ce, da ƙaton bes na katako aka yi ta, irin wanda ake rungumewa a tsaye. Ka lura abu ɗaya yake ta nanatawa har a gama, kamar mai tallan ruwa. Ta biyu, kada ka saurari inda ya kaɗa, ka saurari inda ya yi shiru. Mawaƙin bakinsa cike yake da magana, shi kuwa bes matsa masa yake ya wuce. Ta uku, bes ɗin a bayan ganga yake tafiya yana jan ƙafa, kamar mijin da aka tilasta wa rakiyar kasuwa, amma ba ya taɓa ɓata. Ta huɗu na'ura ce zalla, dogon sauti ɗaya mai zamewa ƙasa. Wannan da ciki ake jin ta. Mai gyaran takalmi na gefena ya ce duk sanda na sa ta, ƙusoshinsa rawa suke a gwangwani, ya ce in ya huda yatsa ni zan kai shi asibiti. Ta biyar sabuwa ce, ita ake yayi, yau kaɗai mutum goma sha uku suka tambaye ta. Ta shida da ta bakwai ciko ne, ni dai ina son su.

Ga gargaɗi kyauta. Na san hannunka, Yaya. Kai ba ka iya ganin fili ka bar shi, sai ka yi masa ado. Mutanen nan ba sa son ado. Ka kaɗa kaɗan, ka ɗaure fuska, su ɗauka da gangan ne.

A gaida Anti, ba tare da an ce mata komai ba. Allah ya ja kwana.

Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Saƙo ya iso.

Na saurari kowacce sau uku. Ganga na ji, sai surutu. Bes babu, ko a ta huɗun da ka cika baki a kanta. Idan wasa kake da ni, ka tuna na girme ka da shekara goma sha ɗaya. Idan kuma gaskiya ne kiɗan nan ba shi da bes, to ka faɗa min in san matsayina. Kwana goma sha tara suka rage.

Ka huta lafiya.

Yayanka.

*

Yaya Babba,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwa da ban haƙuri.

Bari in yi maka duba kyauta. Kana zaune a bakin gado, ka zura memorin a wannan 'yar wayar taka mai maɓallai wadda aka ɗaure da roba, ka kara ta a kunne kamar mai sauraron labarai. Na yi ƙarya? Yaya, lasifikar wayar nan ko kukan sauro da ƙyar take fitarwa. Ka nemi giwa ta shiga ta ƙofar kejin kaji, ta ƙi, ka ce babu giwa a duniya.

Laifina ne da ban faɗa ba, na ɗauka mai shekara talatin da huɗu a gaban lasifika ba sai an faɗa masa ba. Ga igiya nan na sa a ambulan. Ƙaramin bakin a waya, babban a amfilifayar da kake haɗa jitarka da ita. Ka rufe taga, ka kawar da kofuna daga kan tebur.

In ka sake cewa babu bes, na yarda ka zo ka rufe min rumfa da hannunka.

Allah ya bar mana kai.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa. Ka yafe min, kai ne da gaskiya.

Na haɗa igiyar da hantsi, Antinka tana wanki a waje. Ta huɗu na farawa ta shigo da kumfa a hannu tana tambaya ko babbar mota ce ta daki katanga. Dole na gaya mata komai. Ta juya ta koma kan wankinta.

Na fahimci abin da kake nufi da shiru. Ta biyu ta kunyata ni. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Auta, bes ɗin da ke cikin ta biyar ni ne. Hannuna ne. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce marigayi Oga ya kai mu situdiyo muka yi faifai guda, wanda bai yi kasuwa ba. Ana gobe za mu shiga na yanke ɗan yatsana da murfin gwangwani, na naɗe shi da filasta. A waƙa ta biyu filastar ta maƙale a tsirkiya, sautin ƙarshe ya makara, har ana jin ƙugin zamewarta. Oga ya ce babu lokacin sakewa. Tun daga ranar ban ƙara yarda na yi wannan kuskuren ba. To shi masu ta biyar suka yanko, daidai wurin, suka jera shi yana dawowa. Na ƙirga, sau sittin da biyu.

Babu sunana a faifan, amma akwai hotonmu a bangonsa, ina daga hagu riƙe da jita. Yana cikin kwalin fayafayan da na bar maka ajiya lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Ka aiko min da shi ranar Alhamis. Idan ɗan Oga ya gani ya ji, ina ganin maganar gwaji ma ta ƙare.

Na gode. Ka huta lafiya.

Yayanka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa, kuma wannan karon durƙuson na gaske ne.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwalin nan ba ya hannuna. Shekara uku ke nan. Wani mai gemu ya zo da jaka a baya yana bin rumfuna yana tambayar tsofaffin fayafayai. Kwalinka yana ƙarƙashin tebur, ruwa ya taɓa gindinsa, ɓeraye sun fara karatu a ciki. Na ce a raina wa ke da garmaho yanzu? Mutumin ya fito da wata 'yar na'ura, ya sa abin ji a kunne, yana ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wani sai ya tsaya, ya mayar da allura baya, ya sake mayarwa. Na ce masa, "Maigida, wannan ya karce ne, zan rage maka." Ya yi murmushi ya ce, "Bar shi haka." Ni da nake ganin babu mai yi min wayo a layin nan, na sayar masa da kwalin gaba ɗaya, har buhu na ba shi kyauta ya zuba, ina ta murna na rabu da shara.

Ban ce shi ya kai ka cikin waƙar ba, amma ban ce ba shi ba ne. Jiya na bi duk rumfunan da ya taɓa tsayawa. Mai gyaran rediyo ya ce gemun dai ya tuna, amma rabin kasuwar nan masu gemu ne. Na duba bayanin waƙar a waya, sunaye tara, har da wanda ya ɗauki hoton bango, babu naka.

Amma ka ji shawarar ɗan kasuwa. Ba ka bukatar hoto. Ranar gwaji ka ce ta biyar ka zaɓa. Wa zai fi mai kaya sanin kayansa? Su suna kwaikwayo, kai kuwa tunawa kawai za ka yi. Ka kaɗa ta tukuna, in bakinsu ya buɗe sai ka gaya musu ko kai wane ne.

Zagin da za ka yi min ka ajiye shi sai bayan ƙarshen wata, ba zai lalace ba.

Ƙaninka mai laifi.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Maganar kwali ta wuce, ba ni da ƙarfinta.

An yi gwajin jiya da safe. Na bi shawararka. Da na ce ta biyar, Tsinke ya ce, "Baba ya san hanya." Mai ganga ya ɗauka, na shiga. Ban kai ko'ina ba ɗan Oga ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Baba, ka yi ta tsaf da yawa. Akwai ɗan jinkiri a ƙarshe, shi ne gishirin. Saurara." Ya kunna min a kwamfuta.

Na ce na sani. Muka sake. Na yi niyyar makara, hannuna ya isa a kan lokaci. Muka sake, na makara fiye da kima, mai ganga ya rikice. A karo na biyar na dace sau ɗaya, da wurin ya sake zagayowa kuma hannun ya gyara da kansa, har ya ƙara ado. Shekara talatin ina horar da shi kada ya yi abin nan, yanzu ina roƙonsa ya yi, ya ƙi.

Sai na ajiye jita na ce, "Ni na kaɗa wannan, tare da mahaifinka, kafin a haife ka." Na ba su labarin filasta. Tsinke ya ce, "To a samo wa Baba filasta mana." Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Mai fiyano, wanda ya zo bayan faifan da shekara goma, ya sunkuyar da kai yana goge maɓallansa.

Ɗan Oga ya raka ni har ƙofa. Ya ce kwamfuta ce za ta yi bes ɗin. Amma manajan otal yana son a ga dattijo da jita a kan dandamali, wai yana ƙara wa wuri kwarjini. In na yarda, zan riƙa tsayawa duk Asabar ina motsa yatsu, ba za a haɗa igiyata da komai ba. Ya ce in yi tunani zuwa Laraba.

Ka gaida yara.

Yayanka.

*

Yaya Babba,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka, na gaida Anti.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ni da nake sayar wa mai wayar da ba ta da hoto fim, yau takarda nake ta ɓatawa. Na fara rubuta maka ka ƙi, na yage. Na fara rubuta ka karɓa, na yage. Mai gyaran takalmi ya ce in takarda ta yi min yawa in ba shi ya yi ma'aunin ƙafa.

Akwai benci a rumfata, akwai inuwa har la'asar. Ba zan ce maka akwai aiki ba, ni ma rabin yini ƙuda nake kora. Dabara ta uku kuwa ba ni da ita, biyun da na ba ka ka ga inda suka kai ka. Tun shekaranjiya duk wanda ya tambayi ta biyar sai in ce masa yayana ne ya kaɗa bes ɗin. Suna cewa, "Allah?" sannan su ce in yi sauri suna da wurin zuwa.

Duk abin da ka yanke, ka sanar da ni. In akwai abin da kasuwar nan za ta iya yi maka, faɗi kawai.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Na karɓa. Asabar mai zuwa zan fara. Ka aiko min da baƙin gilashi guda, irin wanda ba a ganin idon mutum ta cikinsa. Kada ka zo kallo.

Ka huta lafiya.

Yayanka.