Kunyoyin da Za a Bari da Yunwa

Zariya, watan Mayu, 1959

Zuwa ga Ramlatu, sanyin idona, ruwan farko bayan doguwar bazara, inuwar tsamiyar da nake hutawa ko ina nesa. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba Malam Isiyaku da kakarki Iya Saude da duk mutanen Fammar.

Ramlatu, an zaɓe ni! In rubutun ya karkace kin kasa karantawa, kada ki zargi malamarku ta yaƙi da jahilci, laifin murna ne. Cikin ɗalibanmu na makarantar aikin gona an ware kaɗan da za su yi hutun damina tare da masu binciken shuke-shuke, sai ga sunan Zailani ɗan Rano a ciki! Ni da a da ban san komai game da dawa ba sai tuwonta, yau na leƙa furenta a madubin da ke mayar da ƙura kamar tsakuwa. Wallahi da kina kusa da na ja hannunki kin leƙa, ki ga abin da Allah ya ɓoye a cikin zangarniya.

Kin san kuwa ke ce sanadi? Kin tuna ranar da zan dawo makaranta, kika tsaya a bakin rumbun Iya Saude, kika damƙo kaura kika ƙulle mini a gefen ɗankwalinki, wai in riƙa tunawa da tuwon gida? Ba ki ko dube ni ba, ƙasa kike kallo kina murmushi, ni kuwa na kasa samun ƙofar fita. Wannan ƙullin na nuna wa Baturen gona. Ya juya ƙwayoyin a tafinsa, ya tambayi inda ake noma ta, na cika baki na ce a gonar surukina. Surukina, Ramlatu! Bakina ya riga waliyyaina.

To ga daɗin labarin: ba a Zariya za a tsare ni ba. Gida za a turo ni in yi gwajin taki a kan wannan dawa a ƙasarmu, a gonar Baba, in ya yarda ya ara mana gefen da ke bakin hanyar kasuwar Kibiya. Damina guda ina ganin hayaƙin gidanku! Wane ɗalibi ne ya taɓa samun irin wannan rabo?

Amma, hasken zuciyata, akwai abin da ke hana ni cin abinci. Ga yadda aikin yake. Za a ja igiya, a kafa turaku, a raba wurin. Wani yanki a zuba masa takin Bature, wani a ba shi takin gida, toka da kashin awaki. Yanki na ƙarshe kuwa ba za a ba shi komai ba. Ko toka cikin cokali! Da gangan za a bar shi da yunwa har kaka, don da shi ake gane abin da takin ya ƙara wa sauran. In babu shi, aikin duka ya tashi a banza. Kuma a gabansa za a kafa allo da sunana, kowa ya gani.

Kin fi ni sanin Baba. Mutumin da in ya wuce gonar maƙwabci ya ga shuka ta yi rawaya sai ya tsuguna ya tura mata ƙasa da hannunsa! Shi ne ya ce wa kawuna boko na kashe hannun yaro, kuma a noman bana zai duba ko na isa riƙon 'yarsa. Yanzu me zai gani? Dawar mahaifiyarsa ta tsumbure a bakin hanya, 'yan kasuwa na wucewa a kan jakuna suna nuni, ga sunan mai neman 'yarsa a tsaye a kai. Mato kuwa, abokin takarata wajen neman aurenki, da ya yi wa Baba alkawarin gayyar samari, ai sai ya samu abin faɗa a dandali. Ina tsoron abu biyu. Ko Baba ya ji tausayin shukar ya ɗebo taki ya zuba mata don ya rufa mini asiri, gwajin ya lalace, in koma da labarin ƙarya ban sani ba. Ko kuwa ya ƙyale ta, ya ce wanda ya iya kallon shuka tana yunwa zai iya kallon mace tana yi.

Don Allah, Ramlatu, ki taimake ni. Na san ba za ki iya tunkarar Baba da maganata ba, ban kuma ce ki yi ba. Ki je wurin Iya Saude lokacin da take kaɗi, ki karanta mata wannan takarda, ki tsallake wuraren da kunya za ta kama ki. Irinta ne, kuma ita kaɗai Baba ba ya musa wa. Ki gaya mata jikanta na neman alfarmar 'yan kunyoyi kaɗan. Sauran gonar kuwa, daga tsamiya har rafi, ni zan nome ta da fartanyata, noman fari da maimai, ba gayya ba kiɗa, har Baba ya kama tafina ya ji kanta.

Ina zuwa da motar Rano da zarar an sallame mu, da igiya da turaku da ɗankwalinki a aljihu. Ya ke farin watana, ki tsare mini wannan ɗan fili kamar yadda kika tsare mini zuciyarki. Duk sanda kika wuce kika ga ya yi rawaya, kada ki sunkuyar da kai. Ki gaya wa Iya ta shaida wa Baba: waɗannan kunyoyi su ne abu na farko kuma na ƙarshe daga gidansa da zan taɓa bari da yunwa.

Naki, bana da baɗi da duk daminar da Allah ya ara mini,

Zailani