Takwarata Ta Taka

Auta,

Sallama. Ya aiki, ya jami'ar taku? Mu dai lafiya lau, sai gwiwar nan tawa. 'Yarki takwarata ta yi haƙora, jiya ta gartsa min cizo, ja'ira. Ni fa ban gane ba, kin ce in riƙe ta ki gama rubutu, rubutun nan ba ya ƙarewa ne? Ba ga littafinki nan a kabad ba, kusa da kofunan baƙi? Kullum sai na goge shi. Duk kaurinsa bai ishe su ba?

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

Umma,

Ina gaishe ki da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Littafin ba ya cikin abin da suke dubawa. A fanninmu na tattalin arziki, sai binciken mutum ya fito a babbar mujalla kafin a tabbatar da shi a aiki. In nawa bai fito ba, ƙarshen shekara za a sallame ni. Masu tantancewa biyu sun amince, na ukun ya ce in sake lissafin daga tushe. Ki ƙara haƙuri da ni.

'Yarki

Auta,

Wane ne shi na ukun? Turo min kwatancen gidansa in ɗauki kawunki mu je mu roƙe shi, ai ɗan'adam ɗan lallashi ne. Sannan ranar da kika kira, takwarata ta ɓoye fuska a zanina, kin yi dariya, amma na ji muryarki, ni fa na haife ki. Yanzu ni take ce wa Mama. Ina nuna mata hotonki in ce ga Mama nan, sai ta lashi wayar.

Ummanki

Umma,

Ba a faɗin sunayensu, ko ni ban san shi ba, haka tsarin yake. Na gyara na mayar, ya dawo da sababbin tambayoyi. Hutun nan ma ba zan samu zuwa ba. Ki ce wa takwararki kar ta kuskura ta fara tafiya ba na nan. In kuma ta ƙi ji, ki ɗaukar min a waya.

'Yarki

Auta,

Yau da safe ta saki kujera ta tako. Na yi maza na zaunar da ita, na ce ke jira uwarki. Ta sake miƙewa. Ban ɗaukar miki ba, hannuwana duka biyu na miƙa in tare ta.

Shi na ukun, in kin rubuta masa, ki gaya masa.

Ummanki