Ƙanƙarar da Ta Hana Ni Zuwa Sallah

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa daga Magariya. Yaya sanyin Tanut? Yaya ƙafar Inna, yaya iyali da yara? Mu nan lafiya lau.

Ka san ni, ba wanda ya kai ni makarantar lakwal, ni na kai kaina. Shagona, gidana, har akwatin rediyon nan, ba hannun kowa a ciki. To, rediyon ne ya sa ba ka gan ni da Babbar Sallah ba.

Ran jajibere na kamo wani Bature a rediyon yana cewa da Faransanci ƙanƙara za ta rufe hanyoyi, masu tafiya biki su dakata. Na garzaya tasha na gargaɗi jama'a. Ɗan Ladi shofer, direban kamyonmu, ya ce, "Mushe, ƙanƙara a Bande? Bari in ɗauko ƙwarya mu sa a fura!" Aka fashe da dariya. Na sauke ragon layyar Inna daga kamyo, na dawo gida.

Daga baya aka ce wai bikin Nowel na Kiristocin Faransa yake nufi. Ni ban ji ya ce "ban da Magariya" ba. Kuma kamyon nan ya kafe cikin rairayi gaba da Bande, a daji suka yi Idi. Ƙanƙara ko rairayi, hanya dai ta rufe yadda na faɗa.

Ragon mun cinye. Ka lallashi Inna ta yafe, ta sa mini albarka. Gai da kowa. In ana maganar masu sanin sama a danginmu, a fara rubuta sunana.

Ƙanenka,
Isufu