Na Ga Kakan Babana a Zane, Zan Sa wa Ɗana Sunansa

Anti, ki taimake ni, ko da yake ba izini nake nema ba.

Ina zaune a Kuala Lumpur, maigidana yana digiri na uku, ni kuma cikina ya tsufa, an ce namiji ne. Ran Asabar muka shiga wani baje kolin tsofaffin zane-zanen aikin Hajji kusa da Bukit Bintang, wallahi zafi ne ma ya kora ni ciki. Sai ga zanen wani malami ɗan ƙabilar Malay ta nan ƙasar yana gargarar mutuwa a Makka, ɗalibansa sun kewaye shi. A wajen kansa wani baƙin mutum ya sunkuya yana laƙƙana masa kalmar shahada. Anti, tsagar gidanmu ce a fuskarsa, har da 'yar gajeriyar nan ta gefen hanci, ga goshin Babana sak. Kowa an rubuta sunansa, shi kuwa aka ce "wani baƙo daga Afirka". A nan na tsaya ina kuka kamar yarinya.

Kakan Babana, Fatihu, ya tafi Hajji a ƙasa, ya bar mata da goyo, bai dawo ba. Tun daga nan ba a sa wa jariri sunansa a zuriyarmu, wai gudu ya yi. Mutumin da aka yarda ya zauna a wajen kan mai mutuwa shi ne lalatacce?

Na tura wa Baba hoton. Ya ce in na sa sunan, kada in kawo masa yaron. Maigidana, da ya bar mini zaɓin suna, yanzu sai kame-kame yake. Ni dai Fatihu zan sa, a yi duk wadda za a yi.

Mai Ciki a Malesiya

Amsa:

'Yar uwa, zafin zuciyarki ya burge ni, kuma Fatihu suna ne mai kyau, ba laifi ba ne sa shi. Sai dai ki sani, tsaga gida take nunawa, ba mutum ɗaya ba. Ki koma wurin masu baje kolin ki tambayi shekarar zanen, ki gwada da lokacin tafiyarsa.

Ko da shi ne, zanen ya nuna mutumin kirki ne a Makka, bai share hawayen da aka yi a gida ba. Mai yiwuwa Babanki a hannun matar nan da Fatihu ya bari ya tashi, ya ga wahalarta da idonsa. Kada ki janye, amma ki daina yaƙi ta saƙon waya. Ki kira shi, ki roƙe shi ya ba ki labarinta, ki yi shiru har ya gama, sannan ki kawo buƙatarki. Kin cika mini takarda kina kare wanda ya tafi, amma wadda ta zauna ta raine ku, ko sunanta ba ki faɗa mini ba. Kin san shi kuwa?

Allah ya sauke ki lafiya, ya sa Baba ya ɗauki jikansa da hannunsa.