Aiken da Na Yi wa Dalyop

Ardwick, Manchester
Nuwamba, 2011

Zuwa ga ƙanwata Rebecca,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan mutanen Wusasa. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sanyi ya shigo, sai godiya.

Kin tambayi labarin ɗanki. Yana tsare, kuma an yanke masa hukunci. A tarzomar watan Agusta, da samari suka fasa kantuna, kyamara ta ɗauke shi yana fitowa da kaya. Mutumin da ya doshi shekara talatin! Tun da aka rufe cibiyar matasa ta Hulme inda yake aiki ban ƙara gane kansa ba. Gidajen yarin nan sun cika, sai aka kai shi Birmingham.

Ban je ba, kuma kada ki fara. Kin san gidan da muka tashi. Ɗan fari ne a wurina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban jama'a ba, kamar yadda Baba bai taɓa kiran nawa ba, kuma ko rana ɗaya ban yi shakkar Baba yana sona ba. Marigayiya uwarsa Angelina, da yake 'yar Kagoro ce, ba ruwanta da wannan kunyar, ita take fassara ni ga yaron. Tun da ta rasu ba mai fassara.

Don haka na yi abin da uba mai mutunci yake yi, na aiki aboki. Kin tuna Dalyop, ɗan ƙabilar Biram ɗin nan mai dariya kamar ana fasa itace, wanda muka yi makarantar tauhidi tare? Ni nake ɗaukar na ɗaya, shi kuwa da takarduna ya haye jarrabawar Helenanci. Yanzu yana fasto a wani ƙaramin coci a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, sama da kantin kafet. Na buga masa waya na ce ya leƙa min yaron. Ya ce to, ya tambaye ni saƙon da zai kai. Na ce zuwansa shi ne saƙon.

Laburaren da nake aiki shi ma ƙaramar hukuma ta rufe shi. Ina zaune da digirina biyu ina kallon bas ta taga.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Bartholomew


Ardwick, Manchester
Oktoba, 2012

Rebecca ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji an yi ruwa sosai bana, Allah ya sa albarka a amfanin. Garin kukar da kika aiko ya iso, na gode.

Aiken nan da na yi ya zama abin da ban aika ba. Dalyop ya je ganin mutum ɗaya, ya tarar da maza da yawa da ba mai zuwa wurinsu. Ya koma, ya sake komawa. Sai ya lura ana yawan sakin fursuna ran Juma'a, da 'yar jakar leda a hannu, ofisoshin taimako sun kusa tashi, wasunsu ma an rufe su gaba ɗaya. Kafin Litinin mutum ya kwana a titi, kafin wata ya koma ciki. Shi ke nan Dalyop ya fara tsayawa a bakin ƙofar gidan yari da kwat ɗin gwanjo da fulas ɗin shayi. Matarsa Celestina ta tattara zumuntar mata suna dafa shinkafa. Wani mai gareji ya yarda ya ɗauki biyu aiki. Har suna suka raɗa wa abin, wai Hidimar Bakin Ƙofa.

Sun gayyace ni sujadar keɓewa a watan jiya, na je. An zaunar da ni a layi na uku. Wata mata ta tashi tana hawaye, wai Ubangiji ne ya kira Fasto Dalyop ga fursunoni. Rebecca, ni na kira shi. A waya. Da katin wayata. Shi kansa da ya tashi ya faɗi haka, ya nuna ni, aka tafa min sau biyu aka koma kansa. Wa'azin da ya yi kuwa, da a ajinmu ne da malam ya mayar masa da shi. Ni da na rubuta kundi guda a kan jinƙai ga ɗaurarru tun shi bai iya ɗaura taye ba!

Amma duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne yadda sunan ɗanki yake fita daga bakinsa kamar yana shan ruwa. Wane ya ce, wane ya koyi fenti, wane yana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wasiƙunsu. Ya san abincin da yaron ba ya so. Ni ban sani ba. Kuma yaron Baba yake ce masa.

Da za mu rabu ya ja ni gefe. Wai ɗanki ya ce ai ubansa kunyarsa yake ji, shi ya sa ya turo wani. Dalyop ya yi masa bayanin al'adarmu, yaron ya ce shi a Manchester aka haife shi, a nan in uba bai kira sunanka ba to ya yafe ka ke nan. Kunya ce, gaskiya ne, amma ba irin wadda yake nufi ba. Dalyop ya ce in je ko sau ɗaya. Na ce masa ni ba Biram ba ne.

Za a saki ɗanki da bazara, kuma dole ya faɗi gidan da zai zauna. Na yi wa ɗakinsa fenti. An ce daga baɗi za a rage wa mai ɗakin da ba kowa a ciki tallafin haya, maƙwabta suna ta neman ƙananan fulat. Ni ba inda za ni. Ɗakin yana da mai shi.

Ki sa mu cikin addu'a.

Naki,
Bartholomew


Ardwick, Manchester
Mayu, 2013

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida. Ina fata jikin da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abin da zan gaya miki.

An saki ɗanki. Adireshin Balsall Heath ya bayar.

Duk da haka na je, kin ji, na je. Na hau motar safe, na sa babbar rigata ƙarƙashin kwat, na tsaya a tsallaken titi kusa da wurin jiran bas. Dalyop yana can gaban ƙofa da fulas ɗinsa kamar mai shayin tasha. Ƙofa ta buɗe, ɗanki ya fito, ya rame, ya tara gemu, tafiyarsa sak ta Baba. Dalyop ya ƙwala masa kira, duk titin ya ji, ya rungume shi yana bubbuga bayansa. Sannan ya juya shi, ya nuna masa ni.

Ya tsallako. Ya tsaya a gabana da ledarsa. Ya ɗan rusuna yadda uwarsa ta koya masa, ya gaishe ni da Hausarsa mai karkata, sannan ya kafa wa bakina ido. Na san abin da yake jira. Sunan ya zo har bayan haƙorana, Rebecca. Abin da ya fito shi ne, an fito lafiya? Ya ce lafiya lau. Na miƙa masa makullin gida. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya sa a aljihu, ya ce zai zo wata rana. Ya shiga motar Dalyop, kujerar gaba.

Kafin su tashi Dalyop ya jawo min wani Bature da aka sako tare da ɗanki, Darren, mutumin Manchester, ba wanda ya zo tarbarsa, kuma sai ya kai kansa wurin jami'in da zai riƙa sa masa ido kafin a tashi ofis. Wai in tafi da shi, tunda hanyarmu ɗaya. Ko izinina bai nema ba. Haka na dawo da ɗan wani a gefena. Bai iya karanta takardunsa sosai ba. Na kai shi ofis, na yi musu Turancin da suka daɗe ba su ji ba, sai ga shi an sama masa gado a masauki. Darren zauna, Darren sa hannu a nan, Darren ci abinci. Yini guda ina kiran sunan ɗan mutane, ko gardama harshena bai yi ba.

Yanzu Dalyop yana gaya wa jama'a wai sun buɗe reshe a Manchester. Reshen ni ne da katin bas ɗina. Juma'ar nan ma ya turo min wani, kuma zan je, don in aka bar wa Dalyop cika takardu, rabin mutanen nan ciki za su koma. Kada ki ɗauka na huce. Har gobe ina ƙyashin mutumin nan. Ɗanki yana cin tuwon Celestina, yana bin mijinta bakin ƙofa yana riƙe masa fulas, an ce ya fi kowa iya magana da sababbin fitowa.

Ɗakin yana nan da fentinsa, kuma makulli yana aljihunsa. Da safe in na buɗe taga a ɗakin, nakan gwada faɗar sunan a hankali, ba kowa sai ni da bango. Jiya ya fita daga bakina sau ɗaya. In kin ga Baba a mafarki kada ki gaya masa.

Ki gaida yara, ki gaida zumunta.

Ni ne yayanki,
Bartholomew, uban Iliya