Zuwa ga Yaya Lawal, Golan da Na Cire Sunansa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Yaya Lawal, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Katsina. Ina gajiya, yaya aiki, yaya baƙunta da zaman Ikko? Inna tana lafiya. Iyalinka suna lafiya, saƙon da kake aiko musu ta hannun direbobi yana isowa. Mutanen Ƙofar Sauri kullum sai sun tambaye ni kai.

Sau biyu ina ba direba wasiƙa ya kai maka, ban ji amsa ba, ban kuma san ko sun shiga hannunka ba. Shi ya sa wannan karon na aika wa jarida. Na san halinka, ko ba ka karanta komai ba sai ka buɗe shafin wasanni. Masu karatu su yi haƙuri, maganar gida za su ji. Ni ne Salisu ƙanenka, akawu a ofis, sakataren kulob ɗin ƙwallon unguwarmu, wanda ya cire sunanka daga cikin 'yan wasa wata goma sha ɗaya da suka wuce. Akwai abubuwan da nake so in sani, kuma kai kaɗai ke da amsarsu.

Shekara goma sha huɗu kana tsaron gida a kulob ɗin nan. Ka fara tun muna kafa duwatsu a madadin raga, ka rufe shagon ɗinkinka da la'asar ka zo da hularka mai baki. Ni da ba na iya buga komai, kai ka ce a ba ni littafi in riƙa rubuta sunaye, don kada in zauna a gida. Da haka na zama sakatare, da haka kuma zaɓen 'yan wasa ya dawo hannuna.

Sai kuɗin mai ya shigo gari. Ka tuna yadda abin ya zo: ko'ina gini, ko'ina sabon babur, wanda jiya yake kan keke yau yana da rediyo mai kaset. Alhaji Mamman ɗan kwangila ya ce zai ɗauki nauyin kulob. Ya kawo jesi da takalma, ya sayi mota da za ta riƙa kai mu wasa, ya yanka wa kowa albashi. Sharaɗinsa ɗaya ne, za mu shiga gasar lardi, kuma mutum goma sha takwas kawai za a yi wa rajista. Gola na biyu muna da shi, yaro ne mai koyo, ba a taɓa shi. Saura gurbi ɗaya, na babban gola.

Bayan kamar wata biyu, ana gab da rajista, Haruna ya zo fili. Saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ya baro ƙauyensu ya zo yin leburanci a wurin gini, ƙafarsa fari fat da siminti. Ya ce ya ji ana neman 'yan wasa. Na sa shi a raga don a yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Yaron nan yana tashi sama kamar an cilla shi, ƙwallo kuma in ta shiga hannunsa ta zauna ke nan.

Alhaji yana tsaye a gefena. Ya ce, "Malam Salisu, sabuwar mota na saya, ba na sa mata tsohuwar taya." Na ce masa, ranka ya daɗe, ai da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce shi ba asibiti ya buɗe ba. Amma bai tilasta ni ba, wannan dole in faɗa. Ya ce littafi yana hannuna, in zaɓa.

Ban taɓa gaya maka ba, na ɗauki takardar ofis na ja layi a tsakiya, sunanka a dama, nasa a hagu. A ƙarƙashin nasa na rubuta tsalle, da sauri, da tsawon hannu, da shekaru goma ko fi da suke gabansa. A ƙarƙashin naka na rubuta cewa ka san kowane ɗan gaba a lardin nan, ka san wanda ke bugu da hagu da wanda ke duban kusurwar da zai buga kafin ya buga. Na kuma rubuta gwiwarka ta dama, wadda kake ɗaurewa da tsumma, da shekarunka talatin da shida. Kwana uku takardar nan tana aljihuna, ba ta gaya mini komai ba. Sai na ce a yi gwaji.

Ranar Alhamis ce da la'asar. Kai ka tsaya rabin farko, shi rabi na biyu, 'yan gaban da suka buga maka su ne suka buga masa. An ci ka biyu. Ta farko a hankali ta zo, ta bi ta ƙarƙashin hammatarka. Ta biyu bugun kusurwa ne, ka fito za ka kama, ka tsaya a tsakiyar hanya. Haruna ba a ci shi ko ɗaya ba, har ya ture wata da kowa ya riga ya ɗaga hannu yana murnar ta shiga.

Ranar Asabar da safe muka karya tare a zaure, koko da ƙosai, kwano ɗaya. Jerin sunayen yana cikin aljihuna. Ka yi mini hirar wani zare da ya yi tsada, na yi ta cewa haka ne. Daga nan na wuce fili na manna takardar a allo. Ina kallonka daga nesa lokacin da ka zo. Ka bi sunayen da yatsa har ƙasa, ka koma sama ka sake bi. Ka ce, "Allah ya sa alheri," ka hau kekenka. Bayan kwana goma ka hau motar Ikko, ka ce an ce akwai aiki a tashar jirgin ruwa.

Bari in ba ka labarin abin da ya biyo baya, don na san za ka so ji, ko ba ka tambaya ba.

Wasa uku na farko mun ci, Haruna ya yi suna, har yara suna kiran sunansa a layi. A na huɗu muka je Funtuwa aka zuba mana uku. Abin da ya ɗaure mini kai, babu ko ɗaya da za a ce laifin hannunsa ne. 'Yan bayanmu ne suka riƙa karo da juna kamar makafi, kowa yana waiwaye. A hutun rabin lokaci Ɗanjuma kyaftin ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce da ni, "Shekara goma muna wasa da ido a ƙeya, kun ƙwaƙule shi." Sai a lokacin na gane abin da ban rubuta a takardata ba. Muryarka. Kai ne kake cewa wane koma hagu, wane ga mutum a bayanka, wane bar ta. Na saba jin ta har na daina jin ta. Haruna kuwa ko tari ba ya yi a raga, kunyar manya yake ji.

A mota muna dawowa ya matso kusa da ni, ya ce akwai maganar da aka hana shi faɗa, amma ta yi masa nauyi. Ya ce ba da kansa ya zo filinmu ba, kai ka turo shi. Wai ka je auna wa wani magini riga, ka gan shi a saman gini ana cilla masa bulo daga ƙasa yana cafewa, har aka gama bai ya da ko ɗaya ba. Ya ce mako bakwai kuna haɗuwa bayan sallar asuba a filin bayan ganuwa, kana buga masa ƙwallo, kana koya masa yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Ya ce ranar ƙarshe ka ce masa, "Hannu dai Allah ya ba ka. Baki ne sai ka koya, gola marar baki rabin gola ne."

Tun ranar nake juya abin, Yaya. Ka san gurbi ɗaya ne, ka kuma je ka ɗauko wanda zai karɓe shi, ka gyara shi da hannunka. Me ka gani a ranar da ka tsaya a gindin ginin nan? Daɗi ka ji, ko faɗuwar gaba? Shin mutum yana sanin ranar da wasa ya ƙare masa, ko sai ya ga wani yana yin abin da shi ya daina iyawa?

Ga kuma babbar tambayata. Ƙwallaye biyun nan na ranar gwaji, da gangan ka bari? Ta farkon nan, na sha ganin ka kama irinta da hannu ɗaya, goro yana bakinka. Wata rana in ce lallai sauƙaƙa mini ka yi, don kada a ce Salisu ya zaɓi ɗan'uwansa, ko a ce ya ci amanarsa. Wata rana kuma in tuna yadda ka dafa gwiwa bayan ta biyu, in ce a'a, iyakar ƙoƙarinka ke nan. Na tambayi Ɗanjuma, ya ce shi bayansa yake ba ka. Na tambayi Haruna, ya sunkuyar da kai. Kowace ce amsar zan iya ɗauka, rashin sani ne ya fi damuna.

Abin da ya rage mini shi ne, in dai kai ka shirya komai, to me ya kore ka daga gari? Na kai wa Inna wannan tambaya tana tsince shinkafa. Ka san ba ta kama sunanka, ɗan fari. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yayanka ba yaro ba ne, ya san gwiwa tai ta gaji. Amma kun ci ƙosai kwano guda, takarda na aljihunka, ka bari allo ya hwaɗa mai."

Na tashi na fita.

Ina so in gaya maka gaskiya, tun da wancan karon ban yi ba. Ko yau aka sake ba ni littafin nan, Haruna zan rubuta. Ina jin kai ma haka za ka yi. Amma da na zauna da kai a zaure na faɗa maka da bakina, na kuma tambaye ka yadda za a yi a riƙe abin da ka sani a cikin kulob. Tsoron idonka na ji. Na ɗauka in na yi shiru abin zai zo da sauƙi, ashe ni kaɗai ya zo wa da sauƙi. Ka yafe mini.

Mun ƙare gasar a na uku. Haruna ya fara buɗe baki, sai dai muryar ba ta wuce 'yan baya biyu na kusa da shi. Rannan ya daka wa Ɗanjuma tsawa a tsakiyar wasa, da aka tashi ya bi shi har bakin mota yana ba shi haƙuri. Alhaji da kansa ya ce in ka dawo yana so ka riƙa horar da masu tsaron gida. Na faɗa maka ne don an ce in faɗa, ba don in ja ka da shi ba. In zaman can ya karɓe ka, Allah ya ƙara buɗi.

Ina dai so in ji labarinka. Da gaske ne jiragen siminti sun yi layi a kan teku har ido ba ya ganin ƙarshensu? Ka shiga babban filin wasan nan da muke ji a rediyo? In ka shiga, ina ka zauna? Ni na ce wa Ɗanjuma bayan raga za ka zauna, kana gyara wa golan mutane tsayuwa a zuciyarka.

Babbar Sallah ta matso. Inna ta sa an shafe ɗakinka, ba ta ce don wa ba. In za ka zo, ka gaya wa kowane direba ranar, zan tsaya a tasha tun safe. Ba sai ka huce za ka taho ba. Ka zo da fushinka, mu zauna, wannan karon ni zan fara magana.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya ja kwanan Inna ta gan mu a tabarma ɗaya. Amin.

Ka huta lafiya.

Ni ne ƙanenka,
Salisu,
Ƙofar Sauri, Katsina.