Mai Gindin Roba da Mai Gindin Katako

Shibeca, 9 ga Afrilu

Kawu Tokuji,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da Inna Fumie kuna lafiya, sanyi kuma ya fara sakin gwiwoyinka. Mu nan ƙanƙara ta narke ta bar mu da taɓo har idon sawu. Shanu duk ƙalau.

Kawu, shekara goma ta cika. Shekara goma ina saɓe da bindigar gajeren zango kamar yadda doka ta ce, barewa na cinye ciyawar shanuna a tsallaken kwari, ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da tauna. Yanzu ina da damar neman izinin mai dogon zango. Don murna jiya na zuba gishiri a shayi.

Na je shagon bindigogi a Kushiro. Ka san ba a taɓawa sai da izini, don haka na goya hannuwa a baya mai shago yana jujjuya mini su. Biyu suka tsaya mini a rai. Ɗaya ta Amurka ce, mai gindin roba, mara nauyi, kuɗinta bai wuce na maraƙi ba. Ɗayar irin taka ce ta Jamus, mai gindin katako, kuɗin saniyar tatsa biyu. Masu sayen nama ba sa karɓar barewa sai wadda aka harba a wuya, barewar yanzu kuwa ba ta yarda a matso kusa da mita ɗari uku. Ga shi lambar bindiga ɗaya ake rubutawa a takardar neman izini, ba kuma a ba ka ka gwada. Cinikin biri a sama ke nan.

Ga dabarata. Maƙwabcinmu Rikiya, direban tankar madara, yana da mai robar. Ya harba biyar a filin harbinmu, kai ma ka harba biyar a naku, nisa ɗaya, harsashin jan ƙarfe iri ɗaya. Sai in gwada takardun saitin da kuka harba, in ga ta wa ramukan suka fi haɗuwa wuri ɗaya. Ka yarda, don Allah.

Ka huta lafiya. 'Yarka, Kozue.

*

Engaru, 17 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Kozue,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Ina taya ki murna. Da yawa sun fara jiran nan sun gaji a hanya, ke kin kai.

Game da tambayarki, na yi mamakin 'yar da ta taso a gabana tana gwada roba da katako. Araha ba ta ado. Bututun mai arahar nan siriri ne, harbi na uku ya yi zafi, ya fara kai harsashi inda ransa ya so. Kunamarta sai an yi kokawa da ita, a wajen kokawar kuma saiti ke gocewa. Tawa kuwa tunanin harbi kawai nake yi ta tashi. Nauyin da kike gudu shi ke zaunar da ita idan numfashi ya yi sama. Shekara ashirin da shida muna tare, ba ta taɓa ba ni kunya a gaban mutane ba.

Na yarda da gasar, ko da yake ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ki gaya wa mai madarar ya karya da kyau ranar. Ga kuma maganata, ki ajiye ta: idan kwanon robarsa ya ci tawa, na bar harbi, ita kuma in kai ta ofishin 'yan sanda da hannuna a yanka ta gunduwa-gunduwa. Innarki ta ce in goge wannan layin. Ban goge ba.

Ki gai da kowa. Kawunki, Tokuji.

*

Shibeca, 6 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, don labari na cin raina. Da fatan kuna lafiya.

Ranar Lahadi muka je filin harbi. Rikiya ya iso da takalmin aiki, ya ɗora bindigar a kan buhun yashi yana tauna busasshen kifi. Na ce, "Malam, martabar garin nan fa ke hannunka, ka tofar da kifin nan." Ya ce, "Ke dai riƙe madubin hangen nesa. Tsohonki na da bindigar Jamus, ni ina da kifi, kowa da abin da ya dogara da shi."

Kawu, da ka gani. Uku na farko suka shiga kusan rami ɗaya. Na huɗu ya ɗan hau sama, na ce ga zafin bututun da Kawu ya faɗa, sai ya ajiye ta ya sha shayi, ta huce, na biyar ya koma cikin 'yan'uwansa. Murfin kofin shayi ya rufe duka. Na yi tsalle har mai kula da fili ya harare ni.

Jiya ambulan ɗinka ya iso, takardar saiti kawai, ko gaisuwa babu. Na shimfiɗa su a teburin cin abinci. Taka faranti bai rufe ta ba, rami huɗu kuma na ƙirga. Ina na biyar ya tafi, ko ya wuce Rasha ne? Gani ya kori ji, Kawu. Ashe saniya biyu ba ta harbi. Ranar Litinin mai zuwa zan karɓo lambar mai roba in cika takarda, in kuma saya maka irinta idan ka yi ladabi.

Ina jiran uzurinka, na san iska ce za ta sha zagi.

Taka mai nasara, Kozue.

*

Engaru, 11 ga Mayu

Kozue 'yata,

Ina gaishe ki. Innarki Fumie ce, kawunki bai san ina rubutu ba.

Babu iska ranar. Ina wurin, ni na tuƙa shi. Sau uku ya sake sabuwar takarda, wadda ya aiko miki ita ce mai dama-dama. A hanyar dawowa na ce, "Tsoho, ko mu biya wurin likitan ido?" Ya ce, "Idona ƙalau, ke dai ki dubi titi." Can kuma ya ce, "Bututunta ne ya cinye. Ta tsufa." Yana faɗa yana shafa akwatinta.

Wasiƙarki ya karanta ta sau biyu, ya yi dariya a wurin Rasha, sannan ya tashi ya bar shinkafarsa. Kin san shi da magana. Ya kira ofishin 'yan sanda, sun ba shi ƙarshen wata ya kawo ta. Barin harbin bai dame ni ba, na daɗe ina roƙo. Abin da ya dame ni, kullum da safe sai ya buɗe kabad ya yi mata kallon wanda amininsa ya ci amanarsa.

Ki yi abin da kika ga ya dace. Ki huta lafiya.

*

Shibeca, 14 ga Mayu

Kawu Tokuji,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana cin abinci.

Na sake duba gasar nan, na ga ba a yi ta daidai ba. Mutum biyu, fili biyu, ido huɗu. Ba bindigogi muka gwada ba. Gwaji na gaskiya shi ne hannu ɗaya ya harba, doka kuwa ba ta yarda in ɗora ko yatsa a kan taka ba muddin sunanka ke kanta. Hanya ɗaya ta rage: ta zama tawa.

Ban cika takardar ba tukuna. Ka aiko mini da lambarta da takardar miƙawa. Kada ka ce tausayi ne. Wace mahaukaciya za ta bari a yanka saniya biyu tana kallo? Na gaya wa Rikiya, ya ce, "Kin ga mai ci da idonki, kin koma wa wadda ta faɗi. Ko madara ta taɓa miki kai?" Na ce ya ja tankarsa ya ba ni wuri.

Gaskiya ina tsoro. Ta yi mini nauyi, gindinta ya yi mini tsawo, idan kuma da gaske bututun ya cinye, na yi jiran shekara goma a kan sanda. Amma tun ina 'yar makaranta nake leƙenta daga bakin ƙofa, kana cewa in matsa baya. Yau ko barci na kasa don ɗoki. Ka ba ni ita in ji da kafaɗata.

Taka, Kozue.

*

Engaru, 20 ga Mayu

Kozue,

Bayan gaisuwa. Ga lambar, ga takardar da hatimina. Na gaya wa 'yan sanda an fasa yanka, ni dai na bar harbi kamar yadda na ce. Ki kai wa maƙerin bindiga ya rage gindin, amma kada ki gaya mini ranar da zai sa zarto. Ba ta son a matse ta, ki bar ta ta zauna da nauyinta. Idan kin harba, ki aiko mini da takardar ko yaya ta fito. Kada ki zaɓo mini mai kyau.

Kawunki.

*

Shibeca, 2 ga Satumba

Kawu,

Gaisuwa, ina rubutu a kan murfin mota a bakin filin harbi, kunnena bai daina ƙara ba. Izini ya fito ranar Alhamis, yau na fara harba ta. Ashe gaskiyarka ce a kan kunamar, harbin farko ya tashi ban gama shiri ba, na yi ihu. Na daidaita madubin saitinta, sannan na sa sabuwar takarda a mita ɗari uku na harba biyar. Ita ce wannan, ta farko, ban sake wata ba. Rikiya ya duba ya daina tauna.

Ba zan ce komai ba. Na san abin da takardar za ta gaya maka, na kuma yi ta juya ambulan ɗin kafin in liƙe. Ka auna da kanka.

Taka, Kozue.

*

Engaru, 5 ga Satumba

'Yata,

Takarda ta iso. Na kasa raba ramukan da idona, sai da Innarki ta kama yatsana ta ɗora a kai. Babban yatsa ɗaya ya rufe biyar ɗin.

To, ba ita ba ce. Ni ne. Na zaga unguwa da takardar har gidan mai aski, duk wanda na nuna wa sai na ce ya dubi aikin tsohuwata. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na yau ba.

Gobe Innarki za ta kai ni wurin likitan ido.

Kawunki, Tokuji.